Dusar ƙanƙarar watan Mayu: rana ce abin tsoro, ba sanyi ba

Ba da daɗewa ba, in aka ambaci dusar ƙanƙara a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, abin da yawancinmu za mu tuna bai wuce addu'ar da ake yi wa mamaci ba, inda ake roƙon Allah Ya wanke shi da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙarar sama. Yanzu kuwa 'ya'yanmu suna taka ta da ƙafafunsu. Masu zuwa ziyarar Shehu Tijjani a Fas ba su da nisa da Ifran, garin da a 1935 aka auna sanyin da ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifili, wanda ba a taɓa auna irinsa a Afirka ba. Ɗalibanmu da ke karatu a Maroko sukan haɗa kuɗi su nufi duwatsun Atlas idan an ba da hutu. 'Yan'uwanmu da ke aiki a masana'antun Brescia da Vicenza a arewacin Italiya kuwa, duwatsun Alps na bayan gidansu. Mafi yawansu ba sa kusantar dutse a tsakiyar hunturu. Sai Afrilu ko Mayu, rana ta fito tas, sun ga Turawa suna hawa da riga mai gajeren hannu, sannan su ma su yi ƙarfin hali.

Gargaɗin da ake yi musu daga gida duk a kan sanyi yake ƙarewa. Uwa za ta aika a duba gwanjo a kasuwar Kejetia a samo jibgegiyar riga, a haɗa da safa da hular sanyi, a yi addu'a. Ba laifi, sanyin yana nan. Amma a ganina tsoron namu bai sauka inda ya kamata ba. A ƙarshen lokacin dusar ƙanƙara, abin da ya fi hallaka mutane shi ne wanda mu 'yan ƙasar zafi muka fi sakin jiki da shi, wato rana.

Kafin a gane haka sai an san abin da ke sa dusar ta yi saura a kan dutse alhali a ƙasa har itatuwa sun yi fure. Na farko tsawo ne. Iska na ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Kumasi na zaune a kan kimanin mita 250 daga bakin teku. Afadjato, wanda muke ƙirgawa a matsayin dutse mafi tsawo a Gana, bai kai mita 1,000 ba, shi ya sa wanda ya hau shi zai sha iska mai daɗi amma ba zai taɓa ganin ƙanƙara ba. Toubkal na Maroko, wanda ya fi kowane dutse tsawo a arewacin Afirka, mita 4,167 ne. Ranar da Marakish ke da digiri 30 da azahar, ƙolinsa ba zai wuce shida ko bakwai ba, da dare kuma ya faɗa ƙasa da sifili. Wannan lissafin ne masana a Landan suka ƙi yarda da shi lokacin da wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ce a 1848 ya hango dusar ƙanƙara a kan Kilimanjaro, dab da tsakiyar duniya. Suka ce ba zai yiwu ba. Dutsen kuwa mita 5,895 ne.

Tsawo kaɗai bai isa ba. A arewacin duniya, gefen dutsen da ke kallon arewa ba ya samun rana sosai, don haka dusarsa kan riga ta kudu zuwa ta kuma bar ta ta tafi. Iska ma tana da hannu: takan share dusar daga kan tudu ta jibge ta a kwazazzabo. Dutsen Washington da ke jihar New Hampshire a Amurka mita 1,917 ne kacal, bai kai rabin Toubkal ba, amma iskarsa ce aka auna a 1934 tana gudun kilomita 372 cikin sa'a guda. Wannan iska ce ke cika kwarin Tuckerman da dusar da kan kai har Mayu, inda dubban mutane ke saɓa allunan zamiyarsu, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan dusa, a kafaɗa su hau da ƙafa, domin babu na'urar da ke ɗaukar mutum zuwa sama. Sai kuma launi. Sabuwar dusa fara fat tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Da zarar ta tsufa ta yi datti, sai ta riƙa shanye kusan rabin hasken, narkewarta ta yi sauri. Wani abin da ke ɓata ta mun san shi sarai, ƙurar Sahara ce. Hamadar da ke turo mana hazo da hunturu har leɓe ya tsage, ita ce a wasu watanni ke tura ƙura arewa. A Maris na 2022 sai da dusar duwatsun Sifen da Alps ta koma ruwan ƙasa-ƙasa.

To, wannan tsohuwar dusar ba ta da hali ɗaya. Cikin yini guda takan sauya sau uku, kuma a nan ne duk maganar take.

Idan dare ya yi garau, babu gajimare, zafin da ke saman dusar yakan tsere sama, ruwan da ya narke jiya ya sake daskarewa. Da asuba za ka same ta da tauri, takalmi na sauka tana ƙaras-ƙaras, ba ya barin sawu. A wannan lokacin ba ta zaftarewa, ba ta kuma rufta da mutum, amma santsi gare ta. Wanda ya zame a gangare da takalmin ƙwallo ko kambas, ba abin da zai tare shi sai dutsen da ke ƙasa. Shi ya sa ake ɗaura wa takalmi ƙarafa masu haƙora, a riƙe ɗan gatarin ƙanƙara da ake cakawa in an faɗi. Riƙe gatarin ba shi ne iya shi ba. Wanda bai taɓa gwada tsayar da kansa da shi a wuri mai sauƙi ba, ba zai koya ba a daidai lokacin da yake gangarawa.

Da hantsi rana na taɓa dusar, sai samanta ya yi laushi kamar kaurin yatsa biyu, ƙasan kuma na nan da ƙarfinsa. Wannan ɗan tsakanin, wanda sau da yawa bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, shi masu zamiya ke nema. Saboda shi ne mutum zai tashi cikin dare, ya manna wani ƙyalle mai gashi a ƙasan allunansa don kada su koma da shi baya, ya yi sa'a huɗu ko biyar yana hawa, domin saukowar da ba za ta kai rabin sa'a ba. Suna bin rana ne gefe-gefe: gabas ke fara laushi, sai kudu, sai yamma. Wanda ya iso ƙoli da wuri yakan zauna ya jira, wanda ya makara kuwa ya yi asarar ranar.

Daga azahar labari ya sauya. Ruwa ya ratsa dusar har ƙasa, abin da ke riƙe ƙwayoyinta da juna ya sake. Ƙafar da ɗazu ba ta barin sawu yanzu tana nutsewa zuwa idon sawu, can zuwa gwiwa, wani wurin har cinya. Ka damƙi dusar ka matse, ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsunka. Ka ɗaga kai, ka ga ƙananan dunƙule suna mirginowa daga gindin duwatsu, suna barin layi a bayansu. Wani lokaci ka tsaya ka ji ƙarar ruwa na gudu a ƙarƙashinka ba ka ganinsa: rafi ne ya cinye dusar ta ƙasa, ya bar rufi kawai, wanda da safe ya ɗauki mutum goma amma yanzu ba zai ɗauki ɗaya ba. Gefen manyan duwatsu ma haka, dutsen ya sha rana ya narkar da abin da ke jikinsa, ya bar rami a rufe. A irin wannan lokacin ne gangare ke zaftarowa gaba ɗaya, musamman mai karkatar digiri 30 zuwa 45. Jiƙaƙƙiyar dusa ba ta da gudun busasshiya, amma nauyi gare ta, in ta tsaya kuma sai ta ƙame. Alƙaluman da aka tara a Suwizalan sun nuna cewa wanda ta binne, in an tono shi cikin kusan minti 15, fiye da tara cikin goma na rayuwa. In aka haura minti 35, bai fi ɗaya cikin uku ba. Ma'ana, masu ceto daga gari ba za su iso a kan lokaci ba. Abokan tafiyarka ne za su tono ka, in suna da shebur da sandar lalube da na'urar gano wanda aka binne, in kuma sun iya aiki da su.

Abin da ke damuna shi ne, duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da jikin mutumin Kumasi ke gaya masa cewa komai ya yi daidai. Sanyin safe ya wuce, ya tuɓe babbar riga, gumi na fita, sama shuɗiya. A wurinmu fitowar rana alamar tafiya ta yi kyau ce. A ranar 3 ga Yuli, 2022, wani ɓangare na daskararriyar ƙanƙarar dutsen Marmolada a Italiya ya ɓalle da tsakar rana ya kashe mutum 11. Ba guguwa aka yi ba. Kwanaki aka jera ana zafi, har awo ya kai wajen digiri 10 a ƙolin dutsen mai sama da mita 3,300.

Saboda haka tambayar da ɗan jagora na kirki ke fara yi ita ce ko dusar ta daskare daren jiya. In gajimare ya rufe sama ko iska mai ɗumi ta kwana tana kaɗawa, ba za ta daskare ba, kuma haɗarin da ya kamata ya jira azahar zai fara tun da safe. In aka jera kwana biyu ko uku a haka, masu hankali ba sa fita. A Toubkal hanyar da aka saba bi ta fara ne daga ƙauyen Imlil, kimanin mita 1,800, a bi ta hubbaren Sidi Shamharush, a kwana a masaukin da ke wajen mita 3,200, alfadarai na ɗauke da kaya har inda dusa ta tare musu hanya. Daga nan akan tashi tun kafin alfijir da fitila a goshi. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido a yankin a ƙarshen 2018, hukuma ta wajabta tafiya da ɗan jagora. Mu da muka saba tashin asuba ba za mu sha wuyar sammako ba. Inda muke da rauni wurin juyowa ne.

Masu hawan dutse suna yanke lokacin juyawa tun kafin su fita: ƙarfe kaza in ta yi, ko ƙoli na gaban hancinmu, za mu koma. Da sauƙin faɗi. Mutum ya biya kuɗin jirgi daga Accra zuwa Kasabalanka, ya gaya wa duk dangi inda za shi, ana jiran hoto. Ga kuma tarbiyyarmu, wadda ba na so mu rasa ta, amma a nan tana iya cutarwa. Ƙaramin cikin tafiya ne sau da yawa ke lura da cewa ƙafa ta fara nutsewa, amma nauyin baki ya hana shi cewa, "Yaya, mu juya haka nan." In ma ya faɗa, sai a ce masa, "Haba ƙanena, saura kaɗan fa." Amfanin yanke lokaci tun a masauki, a gaban kowa, shi ne ya ɗauke wa ƙarami wannan nauyin. Ba shi ya ce a juya ba, alkawarin da aka yi ne ya cika.

Rana na da wata ɓarnar da ba ta shafi ƙafa ba. Duk wanda ya zauna da masu walda a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san yaron da ya ƙi sa gilashi da rana, ya yini lafiya ƙalau, sai cikin dare ya farka yana kuka, ido ya yi ja, hawaye na zuba, ba ya iya buɗe shi. Da safe a jawo shi gaban mai shago yana cewa, "Maigida, kamar an zuba mini yashi." Ciwon da dusar ƙanƙara ke sa wa ido shi ne wannan ɗin, ba wani ba. Hasken da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata, yana ƙaruwa da kusan kashi 10 zuwa 12 cikin 100 a duk mita 1,000, dusa kuma tana maido da mafi yawansa daga ƙasa, ya shigo ta gefe da ƙarƙashin tabarau. Baƙar fata tana ba mu ɗan kariya a jiki, amma fatar ƙwayar ido iri ɗaya ce ga kowa. Ciwon kan bayyana bayan wasu sa'o'i, yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai wanda ya kama shi a masauki mai mita 3,200 dole a riƙo hannunsa har ƙasa. Duhun gilashi ba shi ne ma'auni ba. Tabarau ɗin bakin titi na iya yin baƙi ƙirin bai tare komai ba. Wanda ake nema shi ne mai tace wannan hasken, mai kuma rufe gefen ido, a sa shi ko da akwai gajimare.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu fiye da Bature, ba na kuma jin ana yinta a zango. A mita 4,000, iskar da mutum ke shaƙa a numfashi ɗaya ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 na wadda ya saba samu a bakin teku ba. Daga mita 2,500 ciwon tsawo ke fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfi, ɗan ƙwallo ma yana kwanciya. Shawarar likitoci ita ce, in an haura mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda ya karya kumallo a Marakish ya kwana a masaukin Toubkal ya ninka wannan sau biyar a yini ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Kwana ɗaya ko biyu a Imlil ba asara ba ce. In kuwa ciwon kai ya haɗu da tangaɗi, ko rikicewar magana, ko tari da haki alhali ana zaune, maganinsa sauka ne nan take, ko da tsakar dare.

Abin da ya sa na ce ta shafe mu shi ne sikila. A Kumasi ne aka fara gwajin jarirai a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, aka kuma gano cewa kusan biyu cikin kowane jariri 100 na zuwa da cutar. Masu ɗauke da rabin ƙwayar, 'yan AS, sun ninka haka sau da yawa, kuma da yawansu ba su sani ba don ba ta taɓa damunsu ba. Ƙarancin iska, da sanyi, da ƙishirwa, da wahalar jiki, su ne ainihin abubuwan da ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin, dutse kuma ya tara su duka. Mai cutar bai kamata ya kusanci irin wannan tsawo ba sai da izinin likitansa. Ɗan AS ma an sha samun wanda jini ya toshe a saifarsa a kan dutse, ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ɗan jagoran da bai saba da mutanenmu ba zai iya ɗauka gajiya ce ko ɓacin ciki. Gwajin ba shi da tsada, ana kuma yinsa a asibitocinmu. Wanda zai hau ya san matsayinsa, ya gaya wa abokan tafiya, ya yawaita shan ruwa ko bai ji ƙishi ba.

Ba ina cewa kada a je ba ne. Kwame Nkrumah-Acheampong ya tashi a Gana, ya koyi zamiya yana babba a wani rufaffen fili a Milton Keynes a Ingila inda yake aiki, ya kuma wakilci ƙasar nan a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, ya kammala tserensa. Akwasi Frimpong, haifaffen Kumasi, ya bi sawu a 2018 a wasan sulu kan ƙanƙara. Jikinmu bai gaza ba. Amma su a filin da aka gyara suka yi, inda ake daddanne dusa da injin, ake tayar da zaftarewa da gangan kafin mutane su shigo, ake da masu sintiri. A Maroko ma akwai filin zamiya na Oukaimeden da ke kudu da Marakish, wanda ya fara daga kimanin mita 2,600. Da zarar an rufe kakar wasa, ko mutum ya ƙetare iyakar fili, duk wannan kariyar ta tafi, ko da dusar ita ce dai a ido.

Abu na ƙarshe da ke rikita lissafi shi ne kalandar kanta ta daina tsayawa wuri ɗaya. Kilimanjaro ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a kansa a 1912, kuma a 2022 hukumar UNESCO ta ce abin da ya rage a kansa da kan Dutsen Kenya da wuya ya kai bayan 2050. A Atlas, dusar da baƙo ke zuwa wasa a kanta ita ce ruwan da ke gangarowa ta kogunan Ourika da Rheraya ya shayar da gonakin gyaɗar dutse da tuffa na ƙauyuka, ya kai har filayen noma na kewayen Marakish. Amfaninta ga manomi shi ne ta narke a hankali, ta kai shi cikin rani. Maroko ta jera shekaru tana fari, har dabbobi suka ragu ƙwarai, a 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da yanka layya a shekarar. Duk wanda ya san matsayin ragon layya a gidan Musulmi ya san ba ƙaramin abu ne ya kai ga haka ba. Shekarar da dusa ta yi kaɗan, ko zafi ya zo da wuri, halin da aka saba gani a Mayu kan bayyana tun a Maris. Wata shekarar kuma a yi zuba mai yawa a makare, sabuwar dusa ta hau kan tsohuwa mai santsi, rana ta buge ta washegari. Don haka labarin ɗan'uwan da ya hau shekaru biyar da suka wuce a watan kaza ya dawo lafiya ba hujja ba ce ga mai shirin bana. Mutanen Imlil da ke kwana a gindin dutsen su za a tambaya, a daren da za a fita.